Mene ne Ma'anar "Yawan Haihuwa"?

Sau da yawa muna jin masu karanta labarai a rediyo suna cewa yawan haihuwa ya ƙaru a ƙasa kaza, ko ya ragu a ƙasa kaza. Ɗaliban labarin ƙasa ma suna cin karo da wannan magana a jarrabawa. To, me ake nufi da ita?

Yawan haihuwa shi ne adadin jariran da aka haifa da rai cikin shekara ɗaya a tsakanin kowane mutum 1,000. A ce wani gari yana da mutum 20,000, aka haifi jarirai 800 a shekara. Sai a raba 800 da 20, a sami 40. Ke nan yawan haihuwa a garin 40 ne cikin 1,000. Da wannan ma'auni ake iya kwatanta babbar ƙasa da ƙarama. A Jamhuriyar Nijar ya haura 40, a Japan kuwa bai kai 8 ba.

Amma wannan lissafi shi kaɗai ba ya nuna yadda jama'a ke ƙaruwa. Dole a cire yawan mace-mace. In mutum 240 suka rasu a garin nan, wato 12 cikin 1,000, saura 28. Garin da ke ƙaruwa haka, ko ba baƙi, jama'arsa za ta ninka cikin shekara 25. Mun ga irin wannan a Nijeriya: ƙidayar 1991 ta ba da mutum miliyan 88.9, ta 2006 kuwa miliyan 140.

In ana wannan zance, wasu kan ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Lissafin bai yi jayayya da su ba, domin bai ƙayyade wa kowa 'ya'yan da zai haifa ba. Aikinsa shi ne faɗakar da hukuma. Jariran nan 800, in Allah ya raya su, bayan shekara 6 za su nemi aji 20 na firamare, in an zuba yara 40 a kowane aji, da malamai 20. Kafin nan kuma ga bukatar ungozoma da allurar rigakafi.

Saboda haka, ɗalibai, in aka yi haihuwa a gidanku, ku tuna wa iyaye su yi wa jariri rajista a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Yaron da ba a ƙirga ba, da wuya a tanadar masa benci. Tun ran gini tun ran zane.