Ƙararrawar Hasumiya da Ƙararrawar Garke: Wace Ce Ke Riƙe Maƙerinta?

A cikin kayan da hannun maƙeri ke fitarwa, ƙararrawa ce ba a sayenta da ido. Fartanya a duba kaifinta, tukunya a duba kaurinta, amma ƙararrawa sai an kaɗa an kasa kunne. Saboda haka sana'ar ƙera ta a rataye take a wuyan mutanen da suka iya saurare, waɗanda ke bambanta amo mai zaƙi da ƙarar gwangwani. A Turai akwai gidajen wannan sana'a iri biyu da suka daɗe ana gadonsu. Ɗaya na zuba manyan ƙararrawa da ake ratayawa a hasumiyar coci a Ingila, ɗaya na ƙera ƙanana da ake ɗaura wa dabbobi a wuya a kudancin Fotugal. Dukansu sun ga tasku a 'yan shekarun nan, sai dai ba ciwo ɗaya ya kama su ba, kuma duk mai sana'ar hannu da ke son ta zame masa hanyar abinci yana da abin dubawa a nan.

Gidan zubi na Whitechapel da ke gabashin Landan yana ƙirga tarihinsa daga 1570. A nan aka zuba ƙararrawar 'yanci ta Amurka a 1752, wadda ta tsage tun a gwajin farko har sai da maƙeran Filadelfiya suka narkar da ita suka sake zubawa. A nan kuma aka zuba Big Ben a 1858, mai nauyin fiye da tan 13, wadda masu sauraron rediyon BBC suka san muryarta ko da ba su taɓa ganin Landan ba. Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Sai an gina mazubi biyu, na ciki da na waje, da laka wadda aka kwaɓa da yashi da kashin doki da gashin akuya, don iska mai zafi ta samu kafar fita lokacin zubi. Sannan a narka jan ƙarfe da kuza, kusan kashi 77 da kashi 23 cikin ɗari, a kwarara tsakanin mazuban biyu, a bar shi ya huce, babbar ƙararrawa kan ɗauki kwanaki. Bayan nan ne gwanin sauti zai kife ta a kan injin juyi, yana kankare cikinta kaɗan-kaɗan, domin ƙararrawa ɗaya muryoyi da dama ke fita daga jikinta lokaci guda, kuma biyar daga ciki dole su daidaita da juna. Abin da aka kankare ba ya komawa. In hannu ya zarce, sai dai a koma tukunyar narki.

Wannan ƙwarewa ita ce kuma ta zama matsalar gidan. Ƙararrawar da aka zuba da kyau ba ta tsufa yadda sauran kaya ke tsufa. A cocin St Lawrence da ke Ipswich akwai guda biyar da aka zuba tun ƙarni na 15, kuma har gobe ana kaɗa su. Garin da ya sayi ƙararrawa yau, jikokin jikokinsa ma ba lalle su dawo ciniki ba. Babbar kasuwar da Whitechapel ta gani a ƙarnin da ya wuce ta zo ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da bama-baman Jamus suka rusa coci-coci a Landan, aka dawo ana neman madadin abin da wuta ta ci, kamar ƙararrawan St Mary-le-Bow da aka sake zubawa a 1956. Da wannan aiki ya ƙare, sai ciniki ya ja baya, ga tsohon gini mai cin kuɗi a unguwar da filaye suka yi tsada. A 2017 iyalin Hughes, waɗanda ke riƙe da gidan tun 1904, suka yi zubin ƙarshe suka rufe ƙofa. An yi ta ja-in-ja a kan mayar da wurin otal, kuma gwamnati ta amince da hakan a 2021.

Amma wanda ya ce al'adar ƙararrawa ta mutu a Ingila bai je ƙauyukansu ranar Lahadi da safe ba. Akwai hasumiya sama da 5,000 da aka rataya ƙararrawansu don wani salon kaɗi da ya samo asali a ƙarni na 17, wanda Fabian Stedman ya rubuta littafi a kansa a 1677. Kowace ƙararrawa tana ɗaure da wili na katako, igiya na sauka daga gare shi zuwa ɗakin ƙasa. Mutum shida ko takwas su tsaya a da'ira, kowa da igiyarsa. In ka ja, ƙararrawar za ta wuntsila zagaye guda cur, bakinta ya koma sama, ta ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ta dawo. Nauyinta bai barin a yi waƙa da ita, don kowane juyi na cin kusan daƙiƙa biyu. Sai suka mayar da abin lissafi: a kaɗa ɗaya bayan ɗaya, a kowane zagaye a sauya jeri, babu wadda za ta tsallake fiye da gurbi ɗaya, kuma ba a maimaita jerin da aka riga aka yi. Babu takarda a gaban kowa, duk da ka ake yi, ido na kan igiyar maƙwabci, kunne na sama. Ƙararrawa bakwai na ba da jeri 5,040, wanda ke cin wajen sa'a uku ba zama ba shan ruwa. Takwas kuwa 40,320 ne, kuma a 1963 wasu mutum takwas a Loughborough suka kammala shi duka cikin sa'a 17 da minti 58.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne waɗannan mutane ba albashi suke karɓa ba. Malamai ne, manoma, ɗalibai, tsofaffin da suka yi ritaya, wasu ma ba masu zuwa ibada ba ne. In an yi ɗaurin aure akan ba su ɗan hasafi, shi ke nan. Su ne ke share hasumiya, su shafa mai, su lura igiya ta fara cinyewa, su tara gudummawa shekara da shekaru don a sake rataya ƙararrawan garinsu. Kuma a 2009, lokacin da kamfanin John Taylor na Loughborough ya durƙushe saboda bashi, gidan da ya zuba ƙararrawar Great Paul ta cocin St Paul a 1881, haɗakar da ta saye shi ta tayar da shi har da masu kaɗin nan a ciki. Yau shi ne babban gidan zubin ƙararrawa da ya saura a Birtaniya. Masu yi don sha'awa ne suka tallafi masu yi don abinci. Masu kaɗin ma ba su tsira daga tsufa ba, shi ya sa gabanin naɗin Sarki Charles na Uku a 2023 ƙungiyarsu ta yi shelar neman sababbin hannu.

A Alcáçovas, wani ɗan ƙaramin gari a yankin Alentejo na Fotugal, labarin ya sha bamban tun daga maƙerar. Nan babu narki babu zubi. Maƙeri na yanka fallen baƙin ƙarfe da almakashi, ya ɗora a uwar maƙera, ya yi ta bugu da sanyinsa yana lanƙwasawa har ya zama kamar ƙoƙo mai tsawo. Ya liƙa masa hannu inda ɗamara za ta shiga, ya sa tambarinsa ko na mai garken. A wannan mataki in ka ƙwanƙwasa shi, ƙarar gwangwani kawai za ka ji. Sai ya jera 'yan gutsattsarin jan ƙarfe ko tagulla a jikinsa, ya lulluɓe duka da yumɓu da aka cuɗa da ciyawa, ya bar 'yar kafa, ya shanya. Idan ya bushe sai a tura cikin wuta mai tsananin zafi. Tagullar ta narke a cikin rigar yumɓun, a fito da dunƙulen jajir a yi ta mirgina shi a ƙasa don ruwan tagullar ya bi ko'ina, ya toshe duk wata mahaɗa. Daga nan a tsoma a ruwan sanyi, a fasa yumɓun, ƙararrawa ta fito da launin zinariya mai duhu. Saura aikin da ya fi kowanne wuya: maƙerin ya zauna da 'yar guduma, ya buga gefen baki, ya kaɗa kusa da kunne, ya sake bugawa, har muryar ta zauna inda yake so.

Don wa ake wannan wahala? Don makiyayi. Shi ne ke zuwa ya zaɓi ƙararrawa goma ko ashirin da muryoyinsu suka dace da juna, ta yadda ko cikin dare, ko bayan tudu, zai san garkensa ne ke tafe ba na wani ba, ya kuma gane ko dabbobin na kiwo cikin natsuwa ko wani abu ya firgita su. Duk wanda ya zauna da Fulani ya ga yadda suke sanin kowace saniya da sunanta da halinta ba zai yi mamakin irin wannan kunne ba. Kuma ƙararrawar garke tana ɓata a daji, tana lotsewa, ɗamararta na tsinkewa, garke na ƙaruwa. Abokin ciniki yana dawowa kowace shekara, abin da Whitechapel ba ta taɓa samu ba.

Sai dai makiyayin ne ya tafi. Aka zagaye gonaki da shingen waya, dabba ba ta ɓata balle a neme ta da kunne, matasa suka nufi birane, masana'antu kuma suka cika kasuwa da masu araha. Lokacin da hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun da ke buƙatar ceton gaggawa a 2015, gidajen ƙira 11 ne kawai suka rage a ƙasar, da maƙera 13, kuma 9 daga cikinsu sun haura shekara 70. Sana'ar gado ce, uba ke koya wa ɗa, sirrinta ba ya fita gida, don haka duk gidan da 'ya'yansa suka ƙi, ilminsa ya bi tsohon zuwa kabari.

In aka ɗora sana'o'in biyu a sikeli, ni a ganina ƙaramar ta fi babbar dacewa da mutumin da ke son juya aikin hannunsa ya zama 'yar sana'a, kuma ba kusa ba. Jarinta kaɗan ne: rumfa, uwar maƙera, murhu, fallen ƙarfe. Kuskure ɗaya ba ya karya mutum, in guda ta lalace sai a jefar a kama wata. Uwa uba, tana iya sauya masaya. Maƙeran Fotugal da suka saura suna sayar wa baƙi masu yawon buɗe ido, da makaɗa, da masu ƙawata gida, da masu bukukuwan gargajiya irin na ƙauyen Podence a arewacin ƙasar, inda samari ke ɗaura ƙararrawan a ƙugu suna tsalle a tituna, bikin da shi ma UNESCO ta karɓa a 2019. Gidan zubi ba shi da wannan sauƙin juyi. Ba wanda zai sayi tan biyu na tagulla don tsaraba.

Amma akwai abin da ke damuna game da sababbin masayan nan, kuma a nan ne babbar ta yi wa ƙaramar fintinkau. Baƙon da ya sayi ƙararrawa don ya rataya a bango da ido ya saya. Ba ruwansa da ko an zauna an gyara muryarta ko ba a gyara ba. In maƙeri ya shekara goma yana sayar wa wanda ba ya saurare, me zai sa ya ci gaba da ɓata lokaci a kan mataki mafi wuya? Kuma me zai koya wa yaronsa? Ana iya wayar gari maƙera na aiki, kuɗi na shigowa, alhali ainihin gwanintar ta zube a hanya. Masu kaɗin Ingila ba sa barin haka ta faru. Sun san amo, suna gardama a kansa, suna tafiya gari-gari don jin ƙararrawan wasu, kuma gidan da ya yi musu aikin ha'inci labarinsa zai zaga ƙasar kafin wata ya mutu.

Mu ma nan mun san rabon aikin nan, tunda Bahaushe ya daɗe da raba maƙeran baƙi masu bugun ƙarfe da maƙeran fari masu aikin tagulla da azurfa. Kuge, ƙararrawar ƙarfe mai baki biyu da ake bugawa a fadar sarakuna, aikin maƙeran baƙi ne, kuma masu neman sa ba su wuce a ƙirga ba. A makarantu da yawa kuwa tsohon ƙarfen tayar mota aka rataya a bishiya, ya gaji ƙararrawa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Inda muke da irin rundunar masu kaɗin Ingila shi ne wajen doki. Masu sha'awar hawa, daga 'yan kilisa zuwa mahayan hawan sallah na Kano da Katsina da Zariya, su ne ke riƙe da masu sirdi da linzami da likkafa da dukawa masu kayan ado, domin sun san aikin ƙwarai in sun taɓa shi, kuma suna biya. Hawan Kano ya shiga jerin UNESCO a 2024.

Yarinyar da ke saƙa ko haɗa duwatsun ado a ɗaki tana tallatawa a WhatsApp, da saurayin da ke ɗinkin hula bayan ya taso daga makaranta, sun fi kusa da maƙerin Alcáçovas: jari kaɗan, kaya mai ƙarewa, masaya masu sauyawa. Abin da ya kamata su duba tun da wuri shi ne, cikin masu saye, su wa ke juya hular su leƙa bayan ɗinkin kafin su tambayi kuɗi. Ko mutum biyar ne, a riƙe lambarsu, a fara nuna musu sabon aiki kafin a sa shi a waya, a kuma saurari ƙorafinsu in sun ce zaren wannan karon bai kai na baya ba.