Kaurin waya da fiyus: abin lura kafin mu haɗa batir a gida ko masallaci

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, wutar lantarki ta yi wuya a Khartum da Omdurman. Gidaje da masallatai da dama sun koma ga sola da batir, kuma sau da yawa mu muke haɗa kayan da hannunmu. Batir mai bolt 12 ba ya jan mutum, shi ya sa muke raina shi. Amma siririyar waya guda ta isa ta tayar da gobara.

Lissafin ba wuya. A raba wat da bolt, sai a samu amfiya, wato yawan wutar da za ta bi ta cikin waya. Inbata mai wat 1,000 a kan batir mai bolt 12 tana jan amfiya 83, idan an haɗa da asara ta doshi 100. Wayar soket ta gida mai lamba 2.5 kuwa ba ta wuce amfiya 20 da 'yan kai. Idan aka sa ta a nan za ta yi zafi, robarta ta narke. Tsakanin batir da irin wannan inbata, a sa wayar jan ƙarfe mai lamba 35, kuma gajera, domin zafin Khartum yakan haura digiri 40, waya kuwa tana rage ƙarfi a cikin zafi. Wanda ya jera batir biyu ya koma bolt 24, amfiyarsa ta ragu da rabi, amma sai da inbatar da ta dace.

Aikin fiyus shi ne kare waya. Babban fiyus ya zauna dab da kan batir mai alamar +. Daga nan a raba layuka a akwati ɗaya: fitilu daban, fanka daban, lasifika daban, kowanne da fiyus ɗinsa da sunansa a rubuce. Fiyus ya ɗan fi abin da kaya ke ja, amma kada ya wuce abin da waya ke iya ɗauka. A tabbata na wutar batir ne, mai alamar DC.

Idan fiyus ya ƙone, a nemo dalili. Kada a ɗaure gurbinsa da silin waya. Kafin a kunna, mu kira mai gyaran wuta ya duba, musamman inda ɗalibai ke kwana. Allah Ya kiyaye mu.