Kafin ka zagi dikoda, ɗaga kai ka dubi eriya

Da zarar damina ta kankama a Kaduna, akwai wata magana da ke dawowa majalisu, tun daga Kawo har Tudun Wada: wai kamfanonin dikoda rage ƙarfin sigina suke yi da gangan, don mai ƙaramin tsari ya gaji ya koma babba, ko ya haƙura ya sayi dish. Hujjar masu faɗin haka ita ce da rani hoto garau yake, amma yanzu ana tsakiyar kallon Kwana Casa'in sai fuskar ɗan wasa ta farfashe gida-gida, murya ta riƙa sarƙewa, can kuma allo ya yi baƙi ƙirin. Tun da hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, ta soma maganar ɗora shirin talabijin na dijital a kan tauraron NigComSat, jita-jitar ta ƙara samun gindin zama. Yanzu cewa ake yi dikodar eriya ta gama yayi, kashe ta ake yi a hankali.

Ba wanke kamfanonin zan yi ba, yawan ƙarin kuɗin da suke yi kaɗai ya isa abin ƙorafi. Sai dai wannan zargin ba shi da ƙafar tsayawa. Turken da ke watsa shirye-shirye sigina ɗaya yake fesawa ga gari baki ɗaya, bai san gidan da ya biya dubu biyu ba, bai san wanda ya biya dubu goma ba. Maganar kuɗi a cikin dikoda ake yanke ta, ta hanyar kulle tasha ko buɗe ta. Shi ya sa masu GOtv ke ganin saƙo iri biyu: E16 na nufin tashar a kulle take, je ka duba biyan kuɗinka, E48-32 kuwa na nufin dikodar tana lalube ba ta ji komai daga eriya ba. Wanda ya ga na biyun ya ruga ya sake biyan kuɗi bai taɓa matsalarsa ba ko kaɗan.

Ruɗanin ya samo asali ne daga sabo. Tun 1962 da aka buɗe gidan talabijin na RKTV mutanen Kaduna ke kallon tsohon tsari, wanda in sigina ya yi rauni hoton kan cika da ɗigo-ɗigo, ko mutum ya fito da inuwarsa a gefe, amma dai ana gani, ana jin labarai. Idon mai gida da kansa yake gaya masa eriyar ta soma lalacewa, tun kafin ta mutu. Da aka ƙaddamar da tsarin dijital na FreeTV a Kaduna a Disamba 2017, bayan Jos da Abuja a 2016, an yi biki, an yi jawabai, an yi maganar tashoshi kusan 30 da dikoda mai rangwame a kan naira 1,500. Abin da ba a zauna an yi wa jama'a bayaninsa da Hausa ba shi ne sabon tsarin ba ya gargaɗi.

A tsarin DVB-T2, wanda FreeTV da GOtv ke amfani da shi, hoto lambobi ne ake aikowa, kuma tare da su ana haɗo wasu ƙarin lambobi waɗanda aikinsu kawai gyaran kuskure ne. In wani abu ya ɓace a hanya, dikoda za ta yi lissafi ta cike gurbin ba tare da mai kallo ya sani ba. Haka za ta yi ta rufa wa eriya asiri wata da watanni, sigina na raguwa, hoto na nan tas. Ranar da kuskuren ya fi ƙarfin lissafinta, a ranar komai zai rushe lokaci guda. Tazarar da ke tsakanin hoto garau da baƙin allo 'yar ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Saboda haka gidan da ke cewa "jiya-jiyan nan lafiya lau muka kalla" gaskiya suka faɗa, sai dai sun daɗe a bakin gaɓa ba su sani ba, damina ce kawai ta ƙarasa tura su.

A cikin menu na kowace dikoda akwai shafin da ke nuna layi biyu, ɗaya na ƙarfin sigina, ɗaya na ingancinsa. Nan ne nake ganin an fi yin asarar kuɗi, domin kowa layin ƙarfi yake kallo. Mutum zai ga ƙarfi ya kai 90 cikin 100 ya ce to ai eriya ba ta da laifi, dikodar ce ta mutu, alhali layin ƙasa yana rawa tsakanin 20 da sifili. Ka ɗauka kana tsakiyar Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ana jajibirin Sallah, ɗan'uwanka yana can ƙarshen layi yana ƙwala maka kira. Kunnenka cike yake da ƙara: masu talla, masu baro, injin niƙa, lasifikar mai sayar da magani. Wannan shi ne ƙarfi, kuma ya kai maƙura. Amma kalma nawa ka tsinta daga bakin ɗan'uwan naka? Wannan shi ne inganci, kuma da shi kaɗai dikoda ke aiki. Yanzu a ce wani ya miƙo maka na'urar da ke ninka duk abin da ya shigo kunnenka. Muryar ɗan'uwanka za ta ƙaru, hayaniyar kasuwar ma za ta ƙaru daidai da ita, ƙarshenta kunnen ya toshe. Abin da zai fisshe ka shi ne ka hau wuri mai tudu, ka juya ka fuskance shi.

Wannan na'urar ita ce busta, wadda masu shagunan kayan lantarki ke miƙa wa duk wanda ya zo da kukan sigina. Busta tana da ranarta: in gida yana nesa da gari, ko wayar tana da tsawo sosai, kuma aka ɗaura ta can sama kusa da eriya inda siginan yake da tsabta. Amma a cikin gari, a Unguwar Sarki ko Unguwar Kanawa, sau da yawa ɓarna take ƙarawa. Talabijin na dijital yana zaune ne tsakanin megahaz 470 zuwa 694, kuma daf da shi, a 700 da 800, kamfanonin waya ke gudanar da 4G. Ita kanta NBC ce ta sayar wa MTN wani yanki na zangon 700 a 2015 a kan naira biliyan 34 don a samu kuɗin aikin dijital. Busta mai araha ba ta tantancewa, in akwai turken waya a bayan gidanka za ta kwaso nasa ta haɗa da na talabijin ta ɗura wa dikoda. Cire bustar kawai ya isa gwaji.

Sai batun ruwan sama, wanda aka ɗora wa laifin da ba nasa ba. Mai dish in ya ce hadari ya ɗauke masa hoto, ya yi gaskiya: siginansa daga tauraron da ke nisan kilomita kusan 36,000 yake zuwa, a zangon da tsawon igiyarsa bai kai santimita 3 ba, ɗigon ruwa na iya shanye shi. Siginan eriya kuwa tsawon igiyarsa wajen rabin mita ne, kuma daga cikin gari ko gefensa yake tasowa. Ruwan da ke sauka a iska bai cika yi masa komai ba. Abin da ke cutar da shi shi ne ruwan da ya shiga waya.

Na taɓa tsayawa a kan wani mai gyara a Badarawa yana sauko da eriyar wani dattijo da ya riga ya sayi sabuwar dikoda, matsalar ba ta tafi ba. Da ya warware baƙin salatif ɗin da aka naɗe mahaɗar da shi, sai ga ruwa yana ɗiga daga cikin wayar. Zaren da ke kewaye da ita ya zama gari fari-fari, ƙarfen tsakiya ya yi jawur da tsatsa, domin yawancin wayoyin kasuwa ƙarfe ne aka shafa wa tagulla a sama. Ya miƙa wa dattijon guntun ya ce, "Baba, taɓa ka ji. Tun bara ruwa ke kwana a nan." Ya yanke kamu biyu ya jefar, ya sa sabon kai, ya lanƙwasa wayar ta yi ɗan lilo ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗige a waje. Layin inganci ya tashi ya tsaya cak. Tsohuwar dikodar da aka jingine a kan kabad lafiyarta ƙalau.

Iskar farkon damina ita ma tana da nata. Eriyar da aka ɗaure a jikin gora da wayar shanya ba ta buƙatar guguwa kafin ta juya baya ga turke. Mangwaro da darbejiyar da suka yi sabon ganye, in suka jiƙe, suna tare sigina fiye da yadda suke yi da rani. Ga kuma benayen da ke ta tashi a Malali da Unguwar Rimi: maƙwabci ya ɗora hawa biyu da tankin ruwa a daidai saitin eriyarka, ba ruwan kamfani a ciki. Gidajen da ke gangaren Kogin Kaduna sai sun ƙara wa sandarsu tsawo fiye da na kan tudu. Eriyar cikin ɗaki kuma, a ƙarƙashin rufin kwano, sa'a ce kawai in ta yi, domin kwano mayar da sigina yake yi. Kasancewar igiyar siginan gajera ce, matsar da eriya kamu ɗaya ko biyu, sama ko gefe, na iya sauya komai. Mutum ɗaya ya riƙe sanda yana juyawa a hankali, wani ya zauna gaban allo yana karanta layin inganci, a riƙa dakatawa kaɗan bayan kowane motsi saboda dikoda ba ta amsawa nan take. Kada kuma a ce don eriyar maƙwabci ta kalli gabas taka ma can za ta kalla, sai in dikodarku iri ɗaya ce, tunda ba lallai ne turakun FreeTV da StarTimes da GOtv su kasance wuri guda ba. Ina roƙon iyaye da babbar murya, kada a tura yaro kan kwano da sandar ƙarfe kusa da wayar wuta, kada kuma a hau ana walƙiya.

A gidajen haya akwai wata al'ada ta raba eriya ɗaya ga ɗakuna uku ko huɗu, wani lokacin ma da murɗa wayoyi a naɗe da leda. Ko da na'urar rabawa ta gaskiya aka yi amfani, raba sigina biyu yana barin kowane ɗaki da ƙasa da rabi. Ita ma waya tana ci: mai kyau irin RG6 tana cinye kusan rabin sigina a cikin mita 15 zuwa 20, marar kyau kuwa ta fi haka. Ragowar wayar da aka naɗe a bayan talabijin don kada a yi asara, ita ce asarar.

In hoto na tsinkewa ne kawai lokacin da aka tayar da janareta, ko aka kunna wani ƙwan fitila ko cajar waya mai araha, to tartsatsin lantarki ne ke shiga, a nisanta su da wayar eriya. In dikodar tana mutuwa tana tashi da kanta, a fara zargin adaftarta, wadda hawa da saukar wuta ke gajiyarwa. Akwai kuma wurin kunna wutar eriya, volt 5, a menu na dikodoji da yawa: eriya mai busta a ciki ba ta aiki sai an kunna shi, wadda ba ta da busta kuma a bar shi a kashe.

Wani abin lura shi ne tashoshi a dunƙule suke tafiya, da dama a kan mita ɗaya. In ka ga rukuni guda ya ɓace tare sauran na nan, mita ɗaya ce ta raunana, kuma wannan ma alamar eriya ce ko waya. Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne a danna neman tashoshi daga farko alhali sigina ba shi da kyau. Dikodar za ta goge jerin da take da shi, ta dawo da ɗan abin da ta iya ji. A gyara sama tukuna, sannan a sake nema.

Akwai ranar da laifin na masu turke ne, wuta ta ɗauke musu ko na'ura ta lalace. Gane wannan ba wuya: leƙa gida biyu ko uku masu irin dikodarka, in duk sun yi baƙi lokaci ɗaya, sauko daga tsani ka jira. A nan ne nake ganin hukuma ta gaza mutane. Ƙasar da ta sa hannu a yarjejeniyar Geneva ta 2006, ta saɓa wa'adin komawa tsarin dijital na 2012, ta saɓa na Yuni 2015, ta saɓa na 2017, ba ta kai tsarin Kano ba sai Nuwamba 2021, ta isa ta san cewa raba dikoda ba shi ne ƙarshen aiki ba. Mai kallo a Hayin Banki ko Unguwar Dosa yana buƙatar a gaya masa ina turkensa yake, a kan wace mita, kuma in za a kashe shi don gyara a sanar. Garin da ke da Rediyon Tarayya da KSMC da gidajen rediyo masu zaman kansu bai rasa inda za a faɗi haka da Hausa cikin minti biyu ba. Matasan da ke hawa rufin mutane suna ɗaura eriya su ma sun cancanci horo na gaske da 'yar na'urar auna sigina, maimakon a bar su da kintace. In kuwa da gaske za a koma tauraro, NBC ta fito ta faɗa wa waɗanda suka sayi dikodar FreeTV tun 2017 ko tasu za ta ci gaba da aiki, kuma har zuwa yaushe.