Sabuwar cuta da hanyar matafiya

Jama'ar Tasawa da Mayahi, mu mutanen tafiya ne. In an gama girbi, an zuba hatsi rumbu, samari sai su ɗauki jaka su tafi cin rani. Wasu Katsina, wasu Kano, wasu Ikko, wasu har Aljeriya da Libiya. Ƴan kasuwa suna bin babbar hanya tsakanin Maraɗi da Damagaram. Almajirai suna tafiya karatu. Mai hali yana tafiya Makka.

Shi ya sa duk ranar da rediyo ta ce sabuwar cuta ta ɓulla wata ƙasa, hankalin mutane yakan tashi. Uwa tana tunanin ɗanta da ke nesa. Mai niyyar tafiya yana tambaya: za a rufe iyaka? Mun ga haka a shekarar 2020, lokacin cutar korona. Ya kamata mu gane abin da ya faru, don kada tsoro ya ruɗe mu wani karo.

Mine ne birus?

Cututtuka da yawa ƙwayoyi ne ke kawo su. Akwai wani irin ƙwayar cuta da likitoci ke kira birus. Ido ba ya ganin ta. Ko madubin da ake duba jini da shi a gidan likita ba ya nuna ta. Birus ne ke kawo ƙyanda, da shan inna, da shawara, da mura. Agana ma, wadda tsofaffinmu suka sani, birus ce.

Birus ba ta iya yaɗuwa ita kaɗai. Sai ta shiga jikin mai rai take hayayyafa. Ita korona ta numfashi take bi. In mai ita ya yi tari, ko atishawa, ko magana, sai ta fito cikin iska, na kusa da shi ya shaƙa.

In an ce birus sabuwa ce, ana nufin jikin mutane bai taɓa gamuwa da ita ba. Jiki bai san yadda zai yaƙe ta ba tukuna, kuma ba a riga an yi allurar rigakafinta ba. Nan ne haɗarin yake.

Yadda korona ta iso Nijar

An fara ganin korona a birnin Wuhan na ƙasar Sin, a watan Disamba na 2019. Tsakaninmu da can tafiya ce mai nisan gaske. Amma cuta ba ta da ƙafa, ƙafar mutum take ara. Ta shiga jirgin sama tare da fasinja, ta sauka Turai, ta sauka Amurka, ta sauka Afirka.

Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka sami mutum na farko mai ita a Najeriya, a Ikko. Daga Italiya ya zo. Ran 19 ga Maris aka sami na farko a Nijar, a Yamai. Ɗan ƙasa ne da ya yi tafiya, ya bi ta Lome, da Akara, da Abijan, da Wagadugu. Wata uku ke nan kawai tun ɓullarta a Sin.

Ga abin da ya sa ta wuce ba a gan ta ba. Mutum yana iya ɗaukar korona ya yi kwana biyu har zuwa 14 kafin ya ji ciwo. Wani ma ba zai ji kome ba, amma yana ba wasu. Ke nan mutum zai shiga mota garau, ya kwana tasha, ya iso gida, bai san yana ɗauke da kome ba. Ba mugunta ya yi ba. Shi kansa bai sani ba.

Don mi aka rufe hanyoyi?

Ran 17 ga Maris 2020, shugaban ƙasa na lokacin, Isufu Mahamadu, ya yi wa ƴan ƙasa jawabi. Aka rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram. Aka rufe iyakokin ƙasa ga matafiya, aka bar motocin kaya kawai. Aka rufe makarantu. Aka hana manyan taruwa. Ƙarshen watan aka killace birnin Yamai, ba shiga ba fita, aka kuma hana yawon dare.

Rufe hanya ba ya kashe cuta. Abin da yake yi shi ne ya rage mata gudu. Ku duba gidan likitan garinku. Gado nawa ke ciki? Ma'aikata nawa? In mutum ɗari suka kwanta rana ɗaya, ba wanda zai samu kulawa. In suka zo kaɗan-kaɗan, ana iya taimakon kowa. Lokaci ake nema, don likitoci su shirya, masana kuma su nemo rigakafi.

A wancan lokaci, wanda ya shigo daga waje, akan ajiye shi kwana 14 a wuri guda. Ba kurkuku ba ne. Ana jira ne a gani ko cutar za ta bayyana jikinsa kafin ya shiga cikin iyalinsa.

Wahalar da aka sha

Gaskiya rufe hanya ya yi wa talaka nauyi. Dama tun watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe tata iyaka, don hana shigo da shinkafa ta ɓarauniyar hanya. Sai korona ta zo ta ƙara. Ƴan cin rani da yawa sun rasa aiki can inda suke, ga damina tana matsowa, ga gona tana jira. Kuɗin da suke aikowa gida ya ragu. Almajirai da yawa an maido su garuruwansu.

An rufe masallatai, abin da ya ɓata wa mutane rai ƙwarai. Sai ran 13 ga Mayu 2020, cikin watan azumi, aka buɗe su. Aikin Hajji ma ya tsaya ga na waje. A 2019 mutum wajen miliyan biyu da rabi suka yi Hajji. A 2020 mutane kaɗan aka bari, mazauna Saudiyya kawai. A 2021 dubu 60 ne, su ma na cikin ƙasar. Sai a 2022 maniyyatan waje suka koma. Wasu dattawan da suka tara kuɗin kujera shekara da shekaru ba su kai wannan lokaci ba.

Akwai wata ɓarna kuma. Da aka rufe babbar hanya, mutane da yawa suka koma bin daji da babur, cikin dare. Kuɗin tafiya ya ƙaru, haɗari ya ƙaru. Kuma a daji ba mai auna zafin jikin kowa. Mai gudun bincike yana iya kai cuta har cikin ɗakin mahaifiyarsa.

Amma hanya ba ta dawwama a rufe ba. Makarantu sun koma ran 1 ga Yuni 2020. Jiragen sama sun koma ran 1 ga Agusta. An fara allurar rigakafin korona a Nijar ƙarshen watan Maris na 2021. An buɗe iyakokin ƙasa a watan Yuni na 2021. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce lokacin ta-ɓaci ya wuce. Cutar ba ta ɓace ba, amma ƙarfinta ya ragu. A Nijar mutum fiye da 300 aka tabbatar ta kashe. A duniya kuwa miliyoyi ne. Tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini ta fi yi wa illa.

Jita-jita ta fi cuta gudu

A 2014 cutar Ebola ta shiga Ikko, ta jikin wani matafiyi da ya zo daga Laberiya cikin jirgin sama. Sai labari ya bazu ta waya, wai a sha ruwan gishiri, a yi wanka da shi. Cikin dare mutane suka riƙa tada ƴan uwansu. Wasu suka sha har ya kai su asibiti, wasu ma suka mutu. Gishiri ba ya maganin Ebola.

Abin da ya tsayar da ita daban ne. Ma'aikatan lafiya sun bi sawun duk wanda ya taɓa marar lafiya, suna duba shi kullum har kwana 21. Mutum 20 suka kamu a Najeriya, 8 suka rasu. Ran 20 ga Oktoba 2014 aka bayyana ƙasar ta rabu da ita. Gaskiyar da mutane suka faɗa wa likitoci ita ta yi aiki.

Abin da matafiyi zai yi

In aka ce sabuwar cuta ta ɓulla, ɗan uwa, riƙe waɗannan:

1. Saurari rediyo, ka tambayi likitan garinku. Kada ka aika wa wani labarin da ba ka san tushensa ba.

2. Kafin ka tashi, tambaya ko hanya a buɗe take. In tafiyar ba dole ba ce, dakata.

3. Bi hanyar da hukuma ta sani. In aka ce a auna zafin jikinka, ka tsaya.

4. Riƙe katin allurarka tare da katin ɗan ƙasa. Ƙasashe da yawa suna neman shaidar allurar shawara. Mai zuwa Makka sai ya yi ta sanƙarau.

5. In kana zazzaɓi da tari, kada ka shiga mota cike da mutane. Rufe baki da hanci. Wanke hannu da ruwa da sabulu.

6. In ka dawo gida ka ji ba daidai ba, tafi gidan likita da wuri. Faɗi garuruwan da ka bi, kada ka ɓoye ko ɗaya. Ka ɗan yi nesa da tsofaffin gida har a duba ka.

Ku kuma mutanen gari, kada ku tsangwami wanda ya dawo. In kuka guje shi kamar ɓarawo, na bayansa zai ɓoye ciwonsa, cuta ta samu wurin zama. Ku ba shi ɗaki shi kaɗai, ku kai masa ruwa da abinci, ku sanar da maigari da likita.

Ku dubi dantsen tsofaffinku, za ku ga tabon lamba. Da wannan lamba aka yaƙi agana, har aka bayyana a 1980 cewa ta ƙare a duniya duka. Sabuwar cuta za ta sake zuwa wata rana, ba mai shakka. Mu kuma ba za mu bar tafiya ba, don da ita muke cika abin da gona ta rage. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman masu shirin cin rani na bana.