Na'urar numfashi da hannun da ke saita ta

A ɗakin jarirai na wani babban asibiti a Yamai, dare ba ya rage aiki. Uwaye na zaune a bakin ƙofa, ma'aikaciyar jinya tana bi gado-gado tana duba oksijin a jinin bakwaini, kunnenta kuma yana ga janareta. Wanda ya san irin wannan ɗaki zai so a kawo masa na'urar da ta fi kowace, wato mai girgiza iska cikin huhu. Jariri kan yi numfashi 40 zuwa 60 a minti, ita kuwa tana tura 'yar iska kaɗan sau 600 zuwa 900, don kada huhu ya wahala. A ganina ba ita ce buƙatar farko ba.

Dalilin yana wajen saita ta. Shigar oksijin cikin jini ta dogara ga matsin da ke riƙe huhu a buɗe. In ya yi kaɗan huhu ya rufe, in ya yi yawa ya huje, jini kuma ya kasa komawa zuciya sosai. Fitar gurɓatacciyar iska ta dogara ga ƙarfin girgizar da saurinta, kuma abin mamaki, rage saurin ne ke ƙara fitar da ita. Ana lura da rawar ƙirjin jariri, amma ido bai isa ba: sai an riƙa awon jini da hoton ƙirji dare da rana, domin in iskar ta fita fiye da kima ƙwaƙwalwa ce ke cutuwa. Ga kuma wuta. Mutanen Yamai ba su manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar, alhali ɗan katsewar matsi kan sa huhun ya sake rufewa.

Wani zai ce: ashe 'ya'yanmu ba su cancanci abin da 'ya'yan Faransa ke samu ba? Sun cancanta. Sai dai ko a ƙasashe masu hali na'urar ba ta cika alkawari ga kowa ba. A 2013 wani gwaji da likitocin Kanada suka jagoranta kan manya ya tsaya tun kafin lokaci saboda mace-mace sun ƙaru, na Birtaniya kuma bai nuna riba ba. A jarirai tana da wurinta, galibi in sauran hanyoyi sun gaza. A Blantyre ta Malawi kuwa, na'ura mai araha da ke hura iska ta hanci, matsinta na fitowa daga kwalbar ruwa, ta ceci bakwaini da yawa. Kuɗin na'ura ɗaya mai girgiza zai sayi irin waɗannan masu yawa, har a horar da masu kwana a kansu.