Moyamoya: Yadda Wayarka Za Ta Taimaka Wajen Bibiyar Hoton Jijiyoyin Ƙwaƙwalwa

Idan aka ɗauki yaro daga Tsibiri, aka bi ta Talata Mafara zuwa Sakkwato ko Kano domin yi masa hoton jijiyoyin kai, takardar sakamako ce iyali suka fi adanawa. Faifan CD da ake haɗo su da shi kuwa, yakan ƙare a ƙasan akwati har ya karce. Ga mai cutar moyamoya, faifan nan yana da daraja kamar takardar, ko ma fiye.

Mece ce moyamoya?

Cuta ce da manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suke tsukewa sannu a hankali. Sai jiki ya tsiro da wasu siraran jijiyoyi don su cike gurbi. A hoto suna kama da hayaƙin da ya turnuƙe, kuma ma'anar sunan ke nan a harshen Japan. Likitoci biyu, Jiro Suzuki da Akira Takaku, su suka raɗa mata shi a 1969, suka kuma kasa tafiyar cutar zuwa matakai 6.

Kada ka ɗauka matsalar Japan ce kawai. Sikila na cikin cututtukan da ke jawo irin wannan tsukewa, kuma babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu sikila. Alamun sun haɗa da raunin hannu ko ƙafa da ke zuwa ya wuce, da sarƙewar magana, da farfaɗiya. A wasu yara, kuka mai tsanani ko yawan hura koko mai zafi na iya tayar da alamun.

Na'urorin da ke aikin

TCD na'ura ce mai amfani da sauti, ana ɗora ta a gefen kai ta auna gudun jini. Gudun da ya kai santimita 200 a daƙiƙa ga yaro mai sikila alama ce ta haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Da wannan awo aka zaɓi yaran da suka shiga binciken SPRING a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala, da Asibitin Barau Dikko na Kaduna, inda aka gwada maganin hydroxyurea, aka fitar da sakamako a 2022. Sai dai TCD gargaɗi take yi, ba ta nuna siffar jijiyoyin.

Wannan aikin MRA ne, wato hoton jijiyoyi da injin MRI, wanda ba ya amfani da hasken ekisire. Akwai CTA mai sauri, amma da ekisire da allurar rini. Mafi fito da komai dalla-dalla shi ne DSA, inda ake zura siririn bututu ta jijiyar cinya.

Me ya sa ake maimaitawa?

Hoto ɗaya yana nuna halin yau ne kawai. Likita yana son sanin ko tsukewar ta ƙaru, ko ta tsallaka ɗaya ɓangaren, ko an samu sabon tabo a ƙwaƙwalwa ba tare da an ga alama ba. Ba zai sani ba sai ya jera tsohon hoto da sabo. Da wannan kwatancen ake yanke shawarar tiyatar buɗe wa jini sabuwar hanya, da shi kuma ake duba ko tiyatar ta yi aiki. Idan tsohon ya ɓata, kuɗin mota da na hoto sun tafi, an koma farko.

Abin da za ka yi da wayarka

Hotunan asibiti suna zuwa ne a tsarin fayil mai suna DICOM, kuma awo ɗaya na iya ƙunsar ɗaruruwan hotuna. Ɗaukar fim da kyamarar waya ba ya maye gurbinsu.

Ka nemi faifan tun kafin ku bar asibiti. Ka je shagon kwamfuta a kwafe babban fayil ɗin gaba ɗaya, a dunƙule shi ya zama ZIP, sannan ka tabbatar an goge kwafin da ya rage a kwamfutar shagon. Ka ajiye ɗaya a filashi, ɗaya a Google Drive, ka rubuta ranar awo da irinsa a jikin sunan. Idan za ka tura wa likita ta WhatsApp, ka tura a matsayin dokumen, domin tura shi a matsayin hoto yana rage ingancinsa.

Sunan majiyyaci yana cikin fayil ɗin, don haka kada ka saka shi a guruf. Ka kuma sa ranar komawa asibiti a kalandar wayarka. Amma idan fuska ta karkace ko hannu ya saki, ko da na minti kaɗan ne, kada a jira wannan rana, a garzaya asibiti nan take, a tafi da faifan.