Zazzaɓin da ke ɓoye cikin ɗanyar madara

A Ɗan Gulbi ta yankin Dakoro, da wuya a wuni ba a sha fura da nono ba. Amma saniyar da ta yi ɓari tana iya ɗauke da cutar bakkale, ƙwayar kuwa tana bin madararta. Wanda ya sha ta ba a tafasa ba, zazzaɓi zai riƙa zuwa yana komawa, ga zufar dare, ga ciwon gaɓoɓi. Akan zaci zazzaɓin cizon sauro ne.

Gwajin jini ne ke rarrabewa. Ana gauraya ɗigon ruwan jini da wani ruwa ja-ja. In ya yi gudaji cikin minti 4, akwai alamar cutar. Shan maganinta yakan kai mako 6, kada a katse.